Ku Tambaya Mu Amsa: Malam, Fara Musu Da Ƙwallon Tsumma

Tambaya: Salamu alaikum. Ni malamin besik teknoloji ne a wata ƙaramar sakandare a Gombe, wallahi da na fara zancen zane da awo sai ɗalibai su kama hamma, amma a ce Gombe United na wasa a filin wasa na Pantami har mai gyangyaɗi sai ya wartsake. Ya zan yi in haɗa musu darasin da ƙwallo? Ba mu da lab fa.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Ai lab ɗinka na nan bayan aji, wato fili. Raba su rukuni-rukuni, kowa ya haɗo ƙwallon tsumma, irin ta leda da tsohuwar safa ɗin nan da duk muka taka a layi. Sai ka faɗa musu ƙa'idar ƙwallon gaske, nauyi giram 410 zuwa 450, kewaye santimita 68 zuwa 70, ka aro sikelin mai shago da tef ɗin tela a auna. Yaro ɗaya ne zai buga duka, a ga wacce ta fi nisa, wacce ta warware tun bugun farko. Su koma su canza abu ɗaya tak, ko ɗauri ko cikon, a sake bugawa a rubuta. Kar ka bari su canza uku lokaci guda, don ba za su san wanne ya yi aikin ba, kuma nan ne ma darasin yake.

In sun fara raina abin, ba su labarin Jabulani, ƙwallon da Adidas ta yi wa kofin duniya na 2010 a Afirka ta Kudu. Tsohuwar ƙwallo falle 32 ake ɗinkawa, ita kuwa 8 ne kawai, ta yi sulɓi da yawa, in aka ɗirka ta sai ta dinga lilo a iska gola bai san ina za ta faɗa ba, gololi suka yi ta ƙorafi. A 2014 Brazuca, ƙwallon kofin duniya na shekarar, ta zo da falle 6 amma aka zurfafa layukan haɗin aka sa mata kaushi, sai ta nutsu. Manyan injiniyoyi ne fa suka yi, suka dawo suka gyara.

Takalmi ma haka, a wasan ƙarshe na kofin duniya na 1954 cikin ruwan sama 'yan Jamus ta Yamma sun sa but mai ƙusoshin da ake kwancewa a ɗaura dogaye, suka ci Hangari 3-2. To tambaye su, wannan dogon ƙusa a busasshen filin makarantarku lokacin hunturu, me zai yi wa idon sawu? Bar su su yi musu, kai dai riƙe alli.