Tambayoyinku: Rediyon lafiya lau yake, fulogi ne mai laifi

Injiniya, wayata ba ta karɓar caji sai na karkata kebul na danne da littafi. In kai ta gyara? Daga wata Hajiya a Makka.

Hajiya, ajiye kuɗinki. Kashe wayar, ki sa tsinken sakace ki kwakulo ramin cajin a hankali, za ki ga ƙurar da jakarki ta tara. Ban da allura. In bai yi ba, sauya kebul.

Injiniya, ina da lasisi daga CST, hukumar sadarwa ta Saudiyya, kuma na sa rediyon magana mai wat 100 a Land Cruiser ɗina saboda fita sahara. Ina jona shi a ramin kunna sigari. Yana sauraro lafiya, amma da na danna zan yi magana sai fuskarsa ta dushe ya mutu, fulogin kuma ya yi zafi. Ko in mayar wa mai shago? Daga wani ɗan'uwa a Jidda.

Ɗan'uwa, ƙyale mai shago ya ci abincinsa. Wannan ramin sigari ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, don haka gyara zama.

An yi ramin ne don ya gasa wani ɗan ƙarfe a kunna taba, shi ya sa fiyus ɗinsa a yawancin motoci amfiya 10 ne ko 15. Rediyonka kuwa, idan yana sauraro, amfiya ɗaya zuwa biyu ta ishe shi. Da ka danna magana sai ya nemi sama da 20: littafin rediyo samfurin Icom IC-7300 ya ce 21, na Yaesu FT-891 ya ce 23. Mamakina ma yadda fiyus bai tsinke ba. Ina fata ba wanda ya fi ƙarfi ka cusa ba, don in haka ne sai dai mu ce Allah ya kiyaye motar.

Leƙa bakin fulogin. Wani ɗan tsini ne a kan sifirin, shi kaɗai ke taɓa tsakiyar ramin, kuma sifirin ɗin kullum ƙoƙarin turo fulogin waje yake. Mota na tsalle a kan yashi, mahaɗar na sassautawa. Ga damshin Bahar Maliya da gishirinsa, wanda duk mazaunin Jidda ya san abin da yake wa ƙarfe.

Mu yi lissafi kaɗan. A ce mahaɗar ta yi tsatsa har turjiyarta ga lantarki ta kai om 0.05, abin da ido ba ya gani. Da amfiya 20, bolt ɗaya ya salwanta a nan, kuma wat 20 na zafi na taruwa a wurin da bai kai farce ba. Zafin da ka ji ke nan. Rediyon yana son bolt 13.8, yana jure ragin kashi 15 cikin ɗari, wato zuwa 11.7. In injin a kashe yake, batir na wajen 12.5, ka cire na fulogi, ka cire na siririyar wayar mota, to me ya rage masa?

Ja waya biyu, ja da baƙi, kai tsaye daga batir. Mai kaurin murabba'in milimita 4, ko 6 in tafiyar da nisa, da fiyus na amfiya 30 dab da kan batir. A tabbata tagulla ce zalla. Ni kaina an taɓa sayar mini da wata a wani shago, jawur da ita, sai da na kankare da wuƙa na ga fari fat, ashe alminiyam ne aka shafa wa tagulla.

Mahaɗa kuwa, masu bin wannan shafi sun san ba ni da zance sai Anderson Powerpole. Masu rediyon agaji a Amurka ita suka riƙa, babu mace babu namiji, kowace na shiga kowace, kuma duk jonawa harsunan na goge juna su share datti. Na amfiya 15 da 30 da 45 gidansu ɗaya, ka ɗauki na 30 ko 45. A matse wayar da ainihin abin matsewa, ba filaya ba. Dalma ba na son ta a mota, tana bin waya ta sandarar da ita, girgiza ta karya ta daidai inda dalmar ta tsaya. Tura harshen cikin gidansa har ka ji ƙas, sannan ka finciki wayar ka gani. Aibinta biyu: ja kaɗan ke zare ta, sai ka ɗaure, kuma ba ta hana ruwa da yashi, don haka a cikin mota za ta zauna. Jabunta ma sun yi yawa a intanet.

Malam, na sauya adaftar rauta ta gida, bolt 12 ce kamar tsohuwar, amma da an taɓa ta sai intanet ya ɗauke. Daga wani ɗalibi a Madina.

Ɗalibi, bakin ne bai dace ba. Daga waje galibi milimita 5.5 ne, amma ramin ciki akwai 2.1 akwai 2.5. Mai faɗin rami ka sayo ka sa wa siririn tsinke, shi ya sa take rawa. Ɗauki rautar ka je da ita shago a gwada a gabanka, ka kuma duba amfiyar sabuwar ta kai ta tsohuwar.