Ina da 4.10, zan iya fita da daraja ta ɗaya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina karanta kimiyyar kwamfuta a wata jami'ar tarayya, na gama aji biyu da CGPA, wato matsakaicin makina gaba ɗaya, 4.10. Me ake buƙata kafin mutum ya fita da daraja ta ɗaya? Ko kuwa jirgi ya riga ya bar ni? Daga wani ɗalibi a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Jirgi bai tashi ba, amma ƙafarka ɗaya ce kawai a ciki.

Yawancin jami'o'in Najeriya suna aiki da ma'aunin maki 5. Daraja ta ɗaya, wadda kuke kira fas kilas, daga 4.50 take farawa. Daga 3.50 zuwa 4.49 babbar daraja ta biyu ce, nan kake yanzu. A kowane kwas kuma, wanda ya ci 70 zuwa sama ya sami A, maki 5 ke nan. 60 zuwa 69 B ce, maki 4. Haka ake gangarowa har F, wadda ba ta da ko ɗaya. Ana ninka makin da yawan yunit ɗin kwas, wato nauyin da aka ba kwas ɗin, shi ya sa B a kwas mai yunit 3 ta fi ciwo a kan B a mai yunit 1.

To ɗauko biro mu yi lissafi. A ce ka yi yunit 72 a shekara biyun nan, saura 72. Jimla 144, sau 4.50, ana neman maki 648. Kana da kusan 295 a hannu. Saura 353 cikin 360 da za a iya samu. Wato B biyu kacal aka yafe maka a kwasa-kwasai masu yunit 3, sauran duk A, har ka gama. C ɗaya ta cinye rangwamen nan kusan gaba ɗaya. Kariyoba kuwa, wato faɗuwa kwas har sai ka sake shi, ba a ma maganarta, domin a galibin jami'o'i sifilin yana nan cikin lissafi ko bayan ka sake kwas ɗin ka ci. Ka sa ainihin yunit ɗinka a wannan lissafi, don sashe ya bambanta da sashe.

Inda na fi ganin 'yan kwamfuta suna zubar da maki ba wajen rubuta manhaja ba ne. Yaro ya iya Python, yaren rubuta manhaja, kamar ruwa, ya raina lissafi, fizis da kwasa-kwasan GST, wato na gama-gari da kowane ɗalibi ke yi, su kuwa su ja shi ƙasa. Sannan jarrabawarmu a takarda ake yi. Na sha duba takardar ɗalibin da in ka ba shi kwamfuta zai ba ka mamaki, amma an ce ya bi algoridim, wato tsarin warware matsala, mataki-mataki da hannu, ya nuna abin da ke cikin kowane gurbi, sai ya tsallake ya rubuta amsar ƙarshe. Makin yana kan matakan da ya tsallake. Ka saba rubuta kod da biro, ba mai nuna maka kuskure da jan layi.

Abu biyu na gabanka masu nauyi: SIWES, wato zuwa koyon aiki a ma'aikata, a aji uku, da furojet, aikin kammala karatu, a aji huɗu, wanda sau da yawa yunit 6 ne. Kada ka bar littafin SIWES sai daren ƙarshe ka cike shi da tatsuniya, masu dubawa sun san irinsa. Furojet kuma ka zaɓi abin da za ka iya gamawa ka kunna shi a gaban malamai ya yi aiki, ba mai dogon suna ba.

Makin gwaji da aikin gida, 30 ko 40 cikin 100, shi ne A ɗinka tun kafin a shiga ɗakin jarrabawa. Makon nan ka je wurin kodinetan ajinku, ka karɓi sakamakonka na samista huɗu, ku ƙirga yunit ɗin da ya rage maka tare.