Amsoshin Tambayoyinku: Ido ya fara gajiya, me mai buga sinuka zai saya?

Tambaya: Shekaruna 52, tun ina saurayi nake buga sinuka. Kwanan nan idan na sunkuya sai in ga bakin ƙwallon da ke nesa ya dushe, har yaran da na koya wa riƙe sanda sun fara cinye ni. Ina da tabarau na karatu da na saya a kasuwa, amma da na sa shi a tebur sai abin ya ƙara lalacewa. In sayi mai lamba mafi ƙarfi ne? — Mai karatu daga Zariya

Amsa: Malam, kada ka saya, asarar kuɗi kawai za ka yi. Ƙarin lamba ƙarin dushewa ne a tebur. Shi tabarau na karatu an yi shi ne don tazara guda, kuma lambar da ke jikinsa ita ke faɗin tazarar. Mai lamba +2.50 yana fito da abin da ke wajen santimita 40 daga ido, wato inda kake riƙe littafi ko waya. Mai +1.00 kuma iyakarsa wajen mita ɗaya. To idan ka sunkuya, farar ƙwallo tana kusan mita ɗaya daga idonka, wadda kake hari kuwa tana iya wuce mita biyu. Ka ga ke nan tabaran ya tsaya a hanya, bai ma kai inda ake wasan ba.

Abin da ya sa ka fara neman na karatu sananne ne. Akwai wani ɗan madubi a cikin ido mai lanƙwasawa idan za a kalli abu na kusa, daga shekara 40 zuwa 45 sai ya fara tauri. Wannan kowa sai ya same shi in rai ya kai. Amma ƙorafinka a kan ƙwallon nesa yake, kuma wannan taurin shi kaɗai bai cika dusar da nesa ba. Mai yiwuwa dama akwai 'yar matsala da ido yake ɓoyewa tun ƙuruciya, yanzu ƙarfinsa ya kāsa, ko kuma yanar ido ce ta fara tsirowa. Ba a gane wannan a gaban tiren mai talla. Ka je a auna ka, kuma ka nemi a auna har da hawan jinin ido, domin shi ba ya ciwo, daga gefe yake cin gani a hankali. Kaduna ba ta yi maka nisa ba, ga Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa a can.

Idan ka je, kada ka ji kunyar cewa sinuka kake bugawa. Ka sunkuya a gaban mai awon, ka nuna masa yadda haɓarka take sauka kan sanda. A wannan yanayi mutum ta saman gilashi yake kallo, wani lokaci ma ta kan firam ɗin gaba ɗaya, shi ya sa masu tabarau da yawa suke ɗaga kai, daga nan kuma saiti ya ɓaci. Abin da za ka nema shi ne gilashi mai lamba ɗaya, wanda aka saita daga mita ɗaya zuwa uku, a firam mai tsayi da yake hawa har kan gira, sannan a ɗaga tsakiyar gilashin sama zuwa inda idonka yake bi idan ka sunkuya. Mai lamba biyu, da irin wanda lambarsa take sauyawa daga sama zuwa ƙasa, suna da kyau a ofis, amma ni ba na ba ɗan sinuka shawararsu. Gefensu yana karkatar da layi, kuma da ka motsa kai kaɗan lamba ta canza.

Za a yi maka dariya a majalisa, wannan kam babu makawa. Dennis Taylor ɗan Ireland ta Arewa ma an yi masa, da ƙaton tabarau kamar an kifa shi. Da shi ya doke Steve Davis 18 da 17 a wasan ƙarshe na gasar duniya ta 1985 a Sheffield, a kan baƙar ƙwallo ta ƙarshe.

Tambaya: Ina da tebur biyu a shago. Dattawan da suke zuwa bayan isha'i suna ta ƙorafin ba sa gani, yara kuwa ko a jikinsu. Ina shirin canza kyallen tebur da ƙwallaye, ko kuɗin zai biya buƙata? — Mai shago daga Maraɗi

Amsa: Ɗan'uwa, fara da fitila. Dattawanka gaskiya suka faɗa: hasken da yake isa cikin idon mai shekara 60 bai wuce kashi ɗaya cikin uku na wanda yake isa idon ɗan shekara 20 ba, saboda ƙofar ido tana ƙanƙancewa, madubin kuma yana yin rawaya. Wannan rawayar ce take sa shuɗiya da kore da baƙa su riƙa kama da juna a ɗaki mai duhu. Hukumar duniya ta wasan pool, ɗan'uwan sinuka, wato WPA, ta ce kada hasken teburin gasa ya gaza luks 520 (luks ma'aunin haske ne) a kowane sashe. Ƙwan lantarki guda a rufin ɗaki ba zai kai ko kusa ba.

Ka rataya doguwar fitilar LED ko ƙwai uku a jere a kan kowane tebur, da rumfa a kansu yadda hasken zai zuba ƙasa, ba cikin idon mai sunkuyo ba, domin tsohon ido ba ya jure ƙyalli. Duba kusurwoyi huɗun nan, kada rami ya zauna cikin inuwa. Ƙwallaye kuwa ruwa da ɗan sabulu da tsumma mai laushi sun ishe su. Kyalle ya jira sai ya yage.

Tambaya: Mahaifina yana da shekara 66, yana da ciwon suga. Sinuka ce kaɗai take fitar da shi daga gida, yanzu ya daina zuwa, ya ce hazo yake gani, fitila kuma tana kashe masa ido. Ina so in biya a yi masa aikin lesa, ko in sayo masa gilashin da ake mannawa a ƙwayar ido. Wanne ya fi? — Wata 'yarsa daga Kumasi

Amsa: Allah Ya yi miki albarka, 'yata. Amma ki riƙe kuɗinki tukuna, duka biyun ba su ne farkon magana ba. Hazo da kashe ido alamun yanar ido ne, kuma masu suga takan zo musu da wuri. Aikin lesa da ake tallatawa don a rabu da tabarau saman ido yake gyarawa, ba ya taɓa yanar da ke ciki. Na mannawa kuma yana son hannu mai tsabta kullum, ba a wanke shi da ruwan famfo, ga idon dattijo dama a bushe yake, balle hunturu ya shigo da ƙura.

Ki kai Baba wajen likitan ido, a ɗiga masa maganin da yake buɗe ƙwayar ido a duba har can ciki, saboda suga tana lalata ƙananan jijiyoyin bayan ido, kuma mai ita ya kamata a duba shi sau ɗaya a shekara ko ba ya jin komai. Kada a yanka masa tabarau lokacin da sugar take hawa da sauka, lambar za ta canza bayan 'yan makonni. Idan yana ce, aikinta gajere ne: a cire madubin da ya dushe a sa na roba. Kafin a yi, ku gaya wa likita tazarar da Baba ya fi buƙata. Wani tsarin yana saita ido ɗaya don nesa ɗaya don kusa, wanda yake rage gane zurfi da tazara, abin da mai sinuka yake ci da shi ke nan. Masu tura yana da allura a gargajiyance kuwa, ko kyauta ne kada ku yarda, mutane da yawa sun rasa ido ta nan. Sabon tabarau sai bayan mako huɗu zuwa shida da aiki.

Idan ya warke, kada ya koma gasa kai-tsaye. Ya riƙa buga farar ƙwallo miƙe zuwa ƙarshen tebur, ya ga ko za ta dawo kan bakin sandarsa. Idan tana kaucewa gefe ɗaya, ya ɗan matsar da kansa a kan sanda har ta daidaita, domin idon da ya saba dogara da shi yana iya canzawa bayan aiki. In ya ce ai ya tsufa, ki ba shi labarin Fred Davis, wanda ya kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar duniya ta 1978 yana da shekara 64, da tabarau a fuskarsa. Ga kuma Mark Williams ɗan Wales, da ya kai wasan ƙarshe a 2025 yana da 50, alhali da bakinsa yake cewa dishi-dishi yake ganin ƙwallaye.