Yoyo bayan aikin kumburin babbar jijiyar jini: shin aikin ya lalace?

Tambaya: Likita don Allah a taimaka, bara aka saka wa Babanmu sitent, wato wani bututu, a babbar jijiyar jini ta ciki da ta kumbura a Indiya, yanzu hoton siti sikan ya nuna wai akwai yoyo nau'i na 2. Hankalinmu duk ya tashi, shi kuma ya ce lafiyarsa ƙalau ba zai ƙara yin wani hoto ba.

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. Ki kwantar da hankalinki 'yar uwa, nau'i na 2 shi ne aka fi gani, ƙananan jijiyoyin baya da ta hanji ne ke mayar da jini cikin buhun kumburin, kuma da yawa da kansu suke toshewa. Na 1 da na 3 ne ba a jira, a nan sitent ɗin ne bai kama bakin jijiya ba ko ya rabu.

Maganar da ta dame ni ita ce ta ƙin yin hoto, kullum sai na ji ta. Mutane sun ɗauka an cire kumburin, wallahi yana nan, bututu kawai aka zura ta matsematsi aka shimfiɗa a cikinsa jini ya riƙa bi, to idan yoyo ya ci gaba buhun zai yi ta girma shiru ba ciwo ba komai har ranar da zai fashe. A binciken EVAR-1 na Birtaniya da aka bi marasa lafiya shekara 15, masu sitent sun fi tsira a farko, amma bayan shekara 8 mutuwa ta fashewar buhu ta fi yawa a cikinsu kan waɗanda aka yi wa aikin buɗe ciki. Shi ya sa hoton nan na har abada ne, duk shekara, kuma ƙarin milimita 5 kawai a girman buhun ya isa likita ya sake lissafi. Amma sai a dawo gida a jefa takardun asibiti a durowa, wani mai magani a bayan mota ya ce zai narkar da kumburin da sassaƙe, haba jama'a!

Ku kai hoton da na bara wurin likitan jijiyoyin jini ya gwada girman buhun. Idan ana tsoron ruwan da ake sakawa ta jijiya kafin hoton saboda ƙoda, sikanin ciki na yau da kullum, irin na masu juna biyu, ma yana aunawa. Ya riƙe maganin hawan jini, sigari kuwa sam. Ciwon baya ko ciki farat ɗaya, jiri, suma, ko ƙafa ta yi sanyi tana zogi, kar a tsaya kemis neman allurar kashe ciwo, a wuce asibiti ko da tsakar dare ne.