Ƙwayoyin halittata sun ƙi dunƙulewa

Ƙanwata, kin ce a ɗakin gwajinku na Yamai ƙwayoyin halittar ciwon daji (kansa) sai manne wa gindin kwanon renonsu suke, sun ƙi dunƙulewa. Laifin kwanon ne, don su kama aka ƙera shi. Narka agaros (wani sinadari mai daskarewa kamar jeli) kashi 1.5 cikin 100, ki shafe gindin ƙananan ramukan kwanon. In ya daskare, zuba ƙwayoyin. Da sun rasa abin kamawa sai su rungumi juna, cikin kwana 2 zuwa 4 ki ga ɗan ƙullutu kamar ƙwayar yashi.

Kada ki bari ya wuce rabin milimita, don iskar oksijin ba ta kaiwa tsakiya, cikin mutuwa yake. Wajen canjin ruwan abincinsu kuwa, rabi kawai, sannu-sannu. Ni na sha zuƙe nawa ƙullutun tare da ruwan ban sani ba.