Amsoshin Tambayoyinku: Wa ke zaɓen waƙoƙin da ake kira fitattu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a jami'ar Tawa, kuma ina koyon kaɗa gita. Yayana da ke aiki a Yamai ya kawo mini faifan sede na wata ƙungiyar mawaƙan Amurka mai suna R.E.M., an rubuta a jikinsa cewa fitattun waƙoƙinsu ne daga 1988 zuwa 2003. Na kuwa ji an ce tun 1980 suke waƙa. Ina waƙoƙin shekarun farko suka shiga, ko ba su da daɗi ne? Wa ke yin zaɓen? Idan kuma na saurari wannan faifai shi kaɗai, zan iya cewa na san ƙungiyar?
Daga wani mai karatu a Tawa.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Faifan da ke hannunka shi ne In Time, wanda kamfanin Warner Bros. ya fitar a watan Oktoba na 2003, yana ɗauke da waƙoƙi 18, kuma ka lura da abin da yawancin masu sauraro ba sa lura da shi. Shekarar 1988 da ka gani a bangon faifan ita ce shekarar da ƙungiyar ta sa hannu a yarjejeniya da Warner Bros., ba ta da wata alaƙa da lokacin da waƙoƙinsu suka fara daɗi.

Samari huɗu ne suka kafa R.E.M. a 1980 a garin Atens da ke jihar Jojiya, wato Michael Stipe mai rera waƙa, da Peter Buck mai gita, da Mike Mills mai gitar bas, da Bill Berry mai ganguna. A wancan lokaci manyan gidajen rediyon Amurka ba sa kula irin kiɗansu, sai ƙananan rediyoyin jami'o'i da ɗalibai ke tafiyarwa ne suka riƙa sa shi, su kuma mawaƙan suna yawo gari-gari a mota suna wasa a ƙananan ɗakuna. Daga irin wannan rayuwa ce kiɗan da ake kira rok na alternatif ya taso, kuma bai mamaye kasuwa ba sai a farkon shekarun 1990, lokacin da faifan Nevermind na ƙungiyar Nirvana ya ture na Michael Jackson daga matsayi na ɗaya a jerin faya-fayan da aka fi saya a Amurka a watan Janairu na 1992. Daga 1982 zuwa 1987 R.E.M. tana ƙarƙashin wani ƙaramin kamfani mai suna I.R.S., inda ta yi manyan faya-fayai biyar, na farkonsu Murmur a 1983, na ƙarshensu Document a 1987. Da yawa daga cikin tsofaffin masoyansu har gobe suna ganin aikin waɗannan shekaru ya fi na baya armashi, saboda haka batun rashin daɗi bai ma taso ba.

Abin da ya hana waƙoƙin waɗannan shekaru shiga faifanka shi ne mallaka. Kowace waƙa da aka naɗa tana da haƙƙi iri biyu: akwai haƙƙin wanda ya tsara baitoci da karin waƙar, akwai kuma haƙƙin sautin da aka naɗa a situdiyo, wanda a mafi yawan yarjejeniyoyin wancan zamani yake zama a hannun kamfanin da ya biya kuɗin naɗin. Mawaƙi yana iya rera tsohuwar waƙarsa a kowane dandali ya ga dama, amma ba ya iya ɗaukar ainihin naɗin ya kai wa sabon kamfani sai da yardar tsohon. Shi ya sa da ƙungiyar ta koma Warner Bros. a 1988, I.R.S. ya tattara abin da ke hannunsa ya fitar da nasa kundin mai suna Eponymous a wannan shekarar, shi kuma Warner Bros. da lokacinsa ya zo ya fara lissafi daga ranar da suka shigo gidansa. Idan ka juya bayan faifan ka duba ƙananan rubutun da ke ƙasa, za ka ga harafin P a cikin da'ira, da shekara, da sunan kamfani a gefensa. Wannan ƴar alama ita ce ke gaya maka mai sautin, kuma ina shawartarka ka riƙa dubanta a kowane faifai ka riƙe.

Ko a cikin shekarun da faifan ya ce ya ƙunsa, zaɓen yana da nasa son rai. Faifan sede ba ya ɗaukar fiye da minti 80 ko kusa da haka, ga shi kuma ƙungiyar ta yi manyan faya-fayai bakwai tsakanin 1988 da 2001, dole a zubar da wasu. Daga Out of Time na 1991, wanda ya kai su kunnen duniya, waƙa ɗaya tak aka ɗauka, ita ce Losing My Religion, daga Automatic for the People na 1992 kuwa aka ɗauki huɗu. Waƙar Shiny Happy People ta shiga sahun goma na farko a Amurka da Ingila, amma babu ita a ciki, kuma sananne ne cewa mawaƙan sun daɗe suna nuna ba ita suke so a riƙa tunawa da su da ita ba. A wurin da ta bari sai ga sababbin waƙoƙi biyu, Bad Day da Animal, waɗanda ba su taɓa fita a wani faifai ba kafin wannan shekara, balle a ce sun yi fice. Dalilin sa su a fili yake: mutumin da ya riga ya mallaki dukan faya-fayan ƙungiyar ba shi da abin da zai saya a kundin tsofaffin waƙoƙi sai an ɗan sa masa sabo. Kamfanoni da yawa suna yin haka. Kundin Nirvana na 2002 ya fito da waƙa guda da aka naɗa a watan Janairu na 1994, watanni kaɗan kafin rasuwar mawaƙin ƙungiyar, Kurt Cobain, kuma sai da aka sasanta shari'a tsakanin matarsa da sauran ƴan ƙungiyar biyu kafin a sake ta.

A nan R.E.M. ta yi sa'a, domin da hannunta a zaɓen, har Peter Buck ne ya rubuta bayanin kowace waƙa a ɗan littafin da ke cikin kwalin. Ba kowa ke samun haka ba. Ƙungiyar Radiohead ta Ingila ta yi faya-fayai shida da kamfanin EMI, ta bar shi, ta saki In Rainbows a intanet a 2007 inda kowa ya biya abin da ya ga dama, sai kamfanin ya fitar da kundin fitattun waƙoƙinsu a 2008 ba da shawararsu ba. Doka ta ba shi dama, tunda sautin nasa ne, amma ni a ganina wanda ya sayi irin wannan kundi ya cancanci a gaya masa ko zaɓen mawaƙan ne ko na ƴan ofis.

Game da tambayarka ta ƙarshe, amsata ita ce a'a, ko da yake faifan yana da kyau ƙwarai kuma ban ga laifin farawa da shi ba. Kundin fitattun waƙoƙi kamar ɗanɗanon da mai kilishi ke yago maka ne a bakin tasha, ya isa ka san hannunsa, amma bai isa ka ce ka ci ba. Dubi yadda aka jera waƙoƙin: ta farko ta 1992 ce, ta biyu ta 1999, ta uku ta 2003, sannan a koma 1994. An jera su ne don su yi daɗin saurare a jere, wanda kuwa ke koyon gita kamarka yana bukatar ya ji yadda hannun makaɗi ya riƙa sauyawa shekara bayan shekara. Akwai ma babban al'amari da jerin ya ɓoye. Bill Berry ya yanke jiki ya faɗi a kan dandali a birnin Lozan na ƙasar Suwizalan a 1995 saboda fashewar jijiyar jini a ƙwaƙwalwa, ya warke, amma ya bar ƙungiyar a 1997, sauran ukun suka ci gaba ba tare da sun maye gurbinsa da ɗan ƙungiya na dindindin ba. Takwas daga cikin waƙoƙi 18 ɗin nan bayan tafiyarsa aka naɗe su. Idan ka ware su ka saurare su daban, za ka ji na'urorin sauti da kayan kiɗa na lantarki sun ƙaru, tafiyar kiɗan kuma ta sauya, amma a cakuɗe kunne ba ya saurin kama wannan.

Tun da gita kake koyo, ka kasa kunne ga abu biyu. Sautin da ke buɗe Losing My Religion na mandolin ne, wata ƴar ƙaramar kayan kiɗa mai tsirkiya takwas da Buck yake koyo a lokacin, kuma daga cikin wannan koyon ne karin ya fito. Waƙar da ta rufe faifan, Nightswimming, babu ganga a cikinta ko ɗaya, piyano ne Mike Mills ke maimaita zagaye guda, sai kayan goge da John Paul Jones na ƙungiyar Led Zeppelin ya tsara, da ɗan busan wani abin busa mai suna obo, sai murya. A faifanta na asali ita ce ta kusa da ƙarshe, bayan waƙoƙi masu nauyi a kan mutuwa da tsufa da rashin masoyi, kuma wanda ya bi ta wannan hanya kafin ya iso gare ta ba zai ji ta kamar wanda ya tsince ta a kundi ba. Idan kana son kundi guda da ya haɗa zamanin kamfanonin biyu, akwai wanda ya fito a watan Nuwamba na 2011, bayan ƙungiyar ta sanar da rabuwarta a watan Satumba, faifai biyu ne masu waƙoƙi 40 da aka jera bisa shekaru tun daga 1982.

TAMBAYA: Malam, ina gabatar da shirin kiɗa a wani gidan rediyo mai zaman kansa a Yamai. Na lura mawaƙan gita na ƙasarmu ba su cika fitar da irin wannan kundi ba, alhali wasunsu sun daɗe suna aiki. Me ya sa, kuma kana ganin ya kamata su yi?
Daga wata mai karatu a Yamai.

AMSA: Malama, a wurinmu kundin yana nan, sai dai ba mawaƙi ke haɗa shi ba. Mai tura waƙa a bakin kasuwa ne ke haɗa shi, yaron da ke zaune da kwamfuta a ƙarƙashin laima, ka miƙa masa katin memori ka ce ya zuba maka na wane, shi kuma ya zuba abin da mutane suka fi tambaya. A wani fanni zaɓensa ya fi na kamfani gaskiya, domin kunnen jama'a yake bi. Matsalar ita ce waƙar tana zuwa tsirara: babu shekara, babu sunan makaɗa, wani lokaci ko sunan mawaƙin babu sai lamba, kuma ko dala ba ta komawa ga mai ita.

Labarin Mdou Moctar, mawaƙin gita ɗan jihar Tawa, ya nuna amfanin wannan hanya da kuma iyakarta. Ya naɗi faifansa na farko, Anar, a Sakkwato a 2008, waƙoƙin suka bazu daga salula zuwa salula har suka tsallaka iyakoki. Ɗaya daga cikinsu ta shiga wani kundi da kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya haɗa daga waƙoƙin da ke yawo a wayoyin mutanen Sahara, kuma sai da mai kamfanin ya yi cigiya kafin ya gano mai waƙar ya biya shi haƙƙinsa. Yau Mdou Moctar yana tare da Matador, kamfanin Niyok da ya yi suna wajen rok na alternatif, wanda ya fitar masa da Afrique Victime a 2021 da Funeral for Justice a 2024. Ke nan ranar da zai so ya tattara fitattun waƙoƙinsa, shi ma zai tarar da aikinsa a hannun kamfani fiye da ɗaya, tambayar da ɗan'uwanmu na Tawa ya yi a sama za ta taso a kansa.

Ina ganin ya kamata su yi, musamman ƙungiyoyin da suka shafe shekaru suna wasa a Yamai da Agadas da Damagaram, domin matashin da ya taso yau ba shi da inda zai samu aikinsu a tsare. Amma kundi ba ya yiwuwa sai an adana naɗin asali. Waƙoƙin da Mamman Sani ya naɗa da ogan ɗinsa a gidan rediyon ƙasa a 1978 sun sake fitowa a 2013 ne saboda kaset ɗin bai ɓace ba, kuma Allah kaɗai ya san yawan waɗanda zafi da ƙura suka cinye. Mawaƙin da ke son a yi masa kundi nan gaba ya riƙe kwafin asali na kowane naɗi a wuri fiye da ɗaya, ya rubuta ranar da aka yi shi da sunan duk wanda ya kaɗa wani abu a ciki, ya yi rajistar waƙoƙinsa a hukumar kare haƙƙin mawallafa ta ƙasa, wato BNDA, kuma kafin ya sa hannu a kowace takarda ya nemi a fayyace masa wanda zai mallaki sautin da kuma tsawon shekarun mallakar. Haka nan ƴan ƙungiya su daidaita rabon haƙƙi tun da wuri, kamar yadda ƴan R.E.M. suka riƙa rubuta sunayensu huɗu a kan kowace waƙa ko da mutum ɗaya ne ya kawo karinta.

Ku ma masu gabatar da shiri kuna da rawar da za ku taka, tunda abin da kuke yawan sawa shi ne ke zama fitacce. Idan kin sa waƙa, ki faɗi sunan ƙungiyar da shekarar da aka naɗe ta da faifan da ta fito a ciki, kuma lokaci-lokaci ki ware shiri guda ki sa faifai ɗaya daga farkonsa har ƙarshensa yadda masu shi suka jera shi.