Filin Tambaya da Amsa: Ɗaki Biyu a Bayan Gidan Gado

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni tela ne a wani ƙauye a ƙasar Ringim, an sa mini rana bayan Babbar Sallah. A bayan gidan mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, akwai fili inda turken dabbobi yake a da, zai yi ƙafa 30 da 40. Ina so in yi ciki da falo da banɗaki, in fitar da ƙofa ta lungu. Yayanmu ya ce in fara kawai, ai gidanmu ne. Wani abokina kuma ya ce in babu takardar gwamnati za a iya rushe mini. Mu tara ne, maza huɗu mata biyar, da iyayenmu mata biyu, kuma ba a raba gado ba. Na riga na sayi bulo 600. Yaya zan yi?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa albarka a wannan aure. Bulon nan ka jera shi gefe tukuna, ba ya ruɓewa. Kada ka kira magini sai ka gama da abin da zan faɗa maka.

Abokinka yana jiye maka tsoron gwamnati. Ni kuwa na yi shekaru ina aikin awon filaye a karkara kafin in ajiye aiki, kuma gine-ginen da na ga sun zame wa masu su baƙin ciki a ƙauye, yawancinsu ba hukuma ce ta taɓa su ba. Rabon gado ne ya biyo ta kansu.

Yayanka ya ce gidanku ne, gaskiya ya faɗa, amma "ku" ɗin nan mutum goma sha ɗaya ne. Idan mahaifinku bai bar iyayensa a raye ba, kuma an biya bashi an fitar da wasiyya, iyayenku mata biyu za su raba tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, saura a kasa wa 'ya'ya, namiji ya ɗauki rabon mace biyu, kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i. In aka kasa gidan kashi 104, iyaye mata suna da 13, kowane namiji 14, kowace mace 7. Ka ga yayanka 14 gare shi, daidai da kai. Ba shi da ikon ba ka abin da bai mallaka ba, komai kyawun niyyarsa. Tunda ba a raba ba, kowane taku na turken nan da haƙƙin ƙannenka mata a ciki.

A garinmu wani yaro ya yi irin abin da kake shirin yi, da yardar yayansa ta baki. Ya yi ginin bulo mai kyau, har da silin da daɓen siminti. Bayan shekara takwas mijin ƙanwarsa ya rasu, ta dawo gida da yara huɗu, ba ta da inda za ta sa haƙarƙarinta, ta nemi a raba. Ni na riƙe bakin igiyar awo ranar. Da aka ja ta, sai iyaka ta bi ta tsakiyar falonsa, taga ta faɗa rabon ƙanwar. Matarsa na tsaye a bakin ƙofa da goyo, tana kallon dagaci yana zana layi da sanda a kan daɓen da ta share da safe. Sai da ya sayar da babur da bijimi ya fanshi rabin falon. Ƙanwar ba ta zalunce shi ba, haƙƙinta ta nema. Amma har yau sai wajen ta'aziyya suke gaisawa, kuma abin yana ci mini rai duk lokacin da na wuce ƙofar gidan.

Don haka ka tara magada duka. Mata su zo da kansu su yi magana da bakinsu, kada miji ko yayansu ya ce ya wakilce su. Ka lura da "ba komai" ɗin da ƙanwa za ta faɗa kanta a sunkuye a gaban yayye, sau da yawa kunya ce, ba yarda ba ce. A sa wata inna ko gwaggo ta ji ta bakinta a keɓe. In akwai wanda bai balaga ba a cikinku, babu mai ikon yin kyauta da rabonsa, wannan sai an je gaban alƙali. Abin da ya fi shi ne a raba gadon gaba ɗaya. Idan iyaye mata ba sa so a taɓa gidan yanzu, to a yi wa filin nan kuɗi, a rubuta cewa ya shiga rabonka, in ya haura ka cika, in ya gaza a cika maka ranar rabo. A rubuta tsawo da faɗi da maƙwabtan kusurwa huɗu, da boko ko da ajami, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Mai unguwa da liman su shaida, dagaci ya buga hatimi, sannan ku kai kotun shari'a ta yankinku a shigar da shi. Na san za a ce kana tonon gado tun ƙasa ba ta bushe ba. Ka haƙura da wannan maganar ta kwana biyu.

Sai batun hukuma. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna bisa amana. Inda gwamna ya ayyana a matsayin birni, shi ke ba da shaidar mallaka. Inda ba birni ba, ƙaramar hukuma ce ke da ikon ba da shaidar mallaka ta gargajiya, ta gona ko ta gidan zama. Saboda haka abin da za ka fara sani shi ne ko ƙauyenku ya faɗa cikin da'irar da aka ayyana birni. Hedikwatocin ƙananan hukumomi galibi suna ciki, kuma da'irar kan haɗiye ƙauyukan da ke gefensu, mutanen ciki ba su ma sani ba. Ka je sakatariya, sashen filaye, ka faɗi sunan ƙauyenku, za su gaya maka. In kuna ciki, sai ka kai zanen gini hukumar tsara birane ta jiha, wadda ke ƙarƙashin ma'aikatar filaye a Dutse, ta amince kafin ka haƙa harsashi. Masu karatu na Kano, taku ita ce KNUPDA. In kuna waje, a ƙaramar hukuma maganar za ta ƙare: takardar magada, wasiƙar dagaci da ta hakimi, da ɗan zanen filin. Duk kuɗin da za ka biya ka karɓi rasit mai hatimi.

Kada ka ce ƙauye ne, wa zai tambaya. Ranar da hanya ko layin wuta ya biyo ta wajenku, doka ta ba gwamnati ikon karɓar fili don amfanin jama'a, ta biya diyyar gini da abin da aka shuka. Mai takarda da sunansa shi ake kira. In kuna bakin titin tarayya, a bar mita 45.72 daga tsakiyar titi. In babbar wayar wuta mai ƙarfin kilobolt 11 ko 33 ta ratsa ta kusa, a bar mata mita biyar da rabi kowane gefe. Waɗannan biyun ne na san suna jawo rusau ko a ƙauye.

Banɗaki kuwa, ka gayyato duba-gari ya ga wurin kafin a haƙa. Tsakanin ramin masai da rijiya a samu mita 30, kuma ba rijiyarku kaɗai ba, har ta maƙwabcin da ke bayan katanga. A ƙasarku ruwa yana kusa, kogin Haɗeja na gefenku, rami mai zurfi zai iya tarar da ruwan da ake sha.

Ruwan nan dai shi zai sa ka ɗaga harsashi. Ka tambayi dattawan unguwa inda ruwa ya tsaya a ambaliyar 2022, galibi alamarsa na nan a jikin wata katanga ko bishiya, ka sa daɓenka ya haura nan. Tsohon turke ƙasarsa taki ce mai laushi, a kwashe ta sai an tarar da ƙasa mai tauri, a kuma bincika ko akwai tsohuwar masai da aka binne. Sannan ka dubi inda kwanonka zai zubar. Gidan maƙwabci in na ƙasa ne, ruwan rufinka na watan Agusta ɗaya ya isa ya cinye gindin katangarsa. Ka juya rufin ya zuba cikin naka filin, ka yi masa kwata zuwa lungu. Ƙofar da za ka fitar kada ta kalli zauren wani kai tsaye, taga kuma a ɗaga ta yadda ba za ta leƙa tsakar gidan mutane ba. Ka je da mai unguwa ka gaya wa maƙwabtan da bakinka tun kafin su ga yashi a ƙofa.

Bulo 600 ba zai kai ka ba. Ciki da falo masu ƙafa 12 da 12, da harsashi da banɗaki, a lissafina sai ya haura 1,000. In lokaci ya ƙure, ka gama ɗaki ɗaya da banɗaki da kyau, amarya ta tare, falo ya biyo baya bayan kaka.

TAMBAYA: Baba, ni matar aure ce a ƙasar Gaya. Mahaifiyata ta tsufa, babu mai kula da ita. Maigidana ya yarda in gina mata ɗaki a bayan gidansa da kuɗin adashina da na awakina. Sai na nemi takarda?

AMSA: Allah ya yi miki albarka 'yata, ya saka wa maigidanki da alheri. Ɗaki ɗaya a cikin katangar gida a ƙauye, sanar da mai unguwa da leƙawa sashen filaye na ƙaramar hukuma ya wadatar, sai fa in kuna cikin da'irar birni, a nan maigida zai nemi izini da sunansa tunda filinsa ne.

Takardar da na fi so ki samu ta tsakaninki da shi ce. Fili nasa, kuɗi naki. Ku zauna da waliyyinki da shaidu biyu a rubuta ko kyauta kika yi masa, ko rance ne, ko ginin naki ne a ƙimanta miki shi duk ranar da aka zo rabo. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, don haka babu rashin yarda a ciki. In kina da abokiyar zama, a yi da saninta. Ki ajiye rasit ɗin siminti da na kwano a ƙasan akwati.

Wajen ginin, ki roƙi a fitar wa tsohuwa 'yar ƙofarta daban, don ta shiga ta fita ba tare da ta ratsa gaban surukinta ba, kin san kunyar da ke tsakani. Kada a yi mata dokin ƙofa mai tsawo, banɗaki ya zama taku kaɗan daga gadonta, a kafa mata ƙarfe ko itace a bango wanda za ta dafa. Tagar ɗakin kuma ta kalli wajenki, yadda in ta yi kira da dare za ki ji.